Canjaras, mahayin aro da filin haya: me ake jayayya a kai a gasar sifidwe ta Birtaniya?

A da, idan aka tashi 45 da 45 a gasar tseren babura ta sifidwe a Birtaniya, shi ke nan an yi kunnen doki, kowa ya kama hanyar gida da rabonsa. Yanzu kuwa sai a ce wa 'yan kallo su dakata tukuna. Kowace ƙungiya ta fito da mahaya biyu, a yi ƙarin zubi ɗaya na kusan minti guda, wanda ya ci shi ne ya ci wasan gaba ɗaya. Masu gasar sun raɗa masa suna Super Heat, wato zubin raba gardama. Sai dai maimakon ya raba gardamar, wata sabuwa ya haifar, domin tun da aka shigo da shi magoya baya suka kasu: wasu na cewa ya ƙara wa wasan armashi, wasu na cewa an mayar da aikin awa biyu caca. Ni ina da ɓangaren da na ɗauka, zan kuma faɗe shi. Amma wanda duk ya bi wannan jayayya har gindinta zai tarar ta kai shi bakin ƙofar filayen da aka rufe wa sifidwe a Coventry da Swindon da Wolverhampton.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ga yadda yake. Babur ne mai injin 500cc, giyarsa ɗaya, ba shi da birki ko kaɗan, man metanol yake sha. Filin da'ira ce mai siffar ƙwai, an shimfiɗa mata ƙasa mai tsakuwa, tsawonta daga kimanin mita 260 zuwa 400 da ɗoriya. Mahaya huɗu ke shiga kowane zubi, biyu daga kowace ƙungiya, su yi zagaye huɗu suna karkatar da babur a kwana, ƙafar baya na zamewa tana watsa ƙasa. 'Yan gida na sa hular kwano ja da shuɗiya, baƙi fara da rawaya. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Zubi 15 ake yi a wasa, kowane zubi maki 6, jimilla 90. Saboda haka zubi kan ƙare 5 da 1, ko 4 da 2, ko 3 da 3, kuma 45 da 45 abu ne da ke faruwa. Wasan ya iso Ingila daga Ostareliya, an yi taron High Beech a watan Fabrairun 1928, kuma ya kai lokacin da gasar cin kofin duniya ta 1981 ta tara mutum sama da 90,000 a Wembley, ranar da Bruce Penhall na Amurka ya lashe ta.

A zubin raba gardama an sauya lissafi: na ɗaya 4, na biyu 3, na uku 2, na ƙarshe babu. Jimilla 9, wadda ba ta rabuwa biyu daidai, don haka dole a sami wanda ya ci. To amma ku duba abin da wannan lissafi ke nufi. Idan mahayinka ya zo na ɗaya, abokinsa ya zo na ƙarshe, kana da 4, abokan hamayya da suka zo na biyu da na uku suna da 5. Ka faɗi. Duk yadda ka juya lissafin, ƙungiyar da ɗanta ya zo ƙarshe ita ce ta sha kashi. Ke nan ido ba ya kan wanda ke gaba, yana kan na uku da na huɗu. Masu son tsarin na cewa nan ne daɗinsa: gwanin da ke gaba tilas ya waiwaya, ya sassauta, ya tare hanya domin abokinsa ya shigo, kuma wannan tseren haɗin gwiwa shi ne ainihin fasahar gasar ƙungiyoyi. Gaskiya ne, kuma idan aka yi shi da kyau yana tayar da tsikar jiki.

Masu adawa kuma hujjarsu ba ƙarama ba ce. A sifidwe tashi daga layi shi ne rabin tsere. Wanda ya fara kai wa kwanar farko da wuya a kamo shi, musamman idan ƙasar ta bushe ta yi santsi a ƙarshen dare. Ga injin da kan mutu ba zato, ga sarƙa da kan tsinke. Mutum bakwai sun yi zubi 15, ƙananan mahaya na ajiya sun yi ta fafutukar tsintar maki ɗai-ɗai har aka kai ga daidaito, sai a ce manya biyu-biyu su yanke hukunci a cikin daƙiƙa sittin. Ƙungiyar da ta tara kuɗinta a kan taurari biyu ita ke da riba a kan wadda ta raba ƙarfinta daidai tsakanin mutum bakwai. Wanda ya san yadda ake ji idan an kai ga bugun fenariti a ƙwallon ƙafa zai fahimci zafin, sai dai a ƙwallo ba a yin fenariti a wasan lig na yau da kullum. A nan ina tare da masu adawa. A wasan lig, canjaras sakamako ne na gaskiya. Baƙon da ya je gidan wani, a filin da bai saba da kwanoninsa ba, ya riƙe shi 45 da 45, ya yi abin a yaba, kuma ba na ganin dalilin da za a ce sai an fitar da wanda ya faɗi.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne yadda ake raba makin tebur, wanda aka sauya har sai mai bibiya ya tsaya ya tambayi kansa wane tsari ake kai bana. Daga 2009 an yi zamani da tsarin da ke duba ratar ci: baƙon da ya ci da ratar maki 7 ko fiye ya kwashi 4, idan ratar ba ta kai haka ba ya sami 3, idan ma an cinye shi da ratar da ba ta wuce 6 ba ya koma gida da maki 1. Manufar ita ce wasa ya ci gaba da rai har zubin ƙarshe ko da an san wanda zai yi nasara. Daga baya aka koma tsohon salo: maki 2 ga wanda ya ci, da ƙarin maki 1 ga wanda ya fi yawan jimilla idan aka haɗa wasan gida da na waje. Kowanne da amfaninsa. Amma magoya bayan da suka daɗe a harkar ba a kan wanne ya fi suke ƙorafi ba, a kan yawan sauyin ne. Sun ga zamanin hula mai baƙi da fari, inda ƙungiyar da aka bari a baya ke zaɓar mahayi ɗaya a ninka masa makinsa, dokar da mutane da yawa suka ɗauka wasa da hankali ce har aka soke ta bayan kakar 2017. Mutum ya kawo abokinsa kallo karo na farko, rabin daren ya tafi wajen bayanin doka.

Sai batun wasannin ƙarshen kaka. Tun 2002 ƙarewa a saman tebur ba ta isa a zama zakara a babban rukuni ba. Huɗun farko ke shiga sili ɗaya ƙwale, gida da waje, a haɗa jimilla. A 2010 Poole ce ta ƙare a sama, Coventry ta shigo a ta huɗu, kuma Coventry ta ɗauki kofi. Wannan bai dami kowa sosai ba lokacin da ƙungiyoyin ke da ɗan yawa. Amma a 2021 da 2022 ƙungiyoyi shida kacal ne a babban rukunin, wato Premiership, daga baya suka zama bakwai. Huɗu cikin shida! Wata shida ana tsere, ana karya ƙashi, domin a cire ƙungiyoyi biyu kawai. Masu kulob na kare tsarin da cewa daren wasan ƙarshe ne ke cika fili, shi ne kuma abin da gidajen talabijin ke so, kuma kuɗin wannan dare kan toshe ramin da kaka ta haƙa. Ban musa ba. Abin tambaya shi ne me wanda ya yi ta ɗaya ya samu na wahalarsa.

A nan ne nake ganin Poland ta fi su dabara. A babbar gasarsu ta Ekstraliga mai ƙungiyoyi takwas, canjaras na nan a wasan lig, kowa da maki 1. Idan kuma aka je sili ɗaya ƙwale jimillar wasa biyu ta zo daidai, ba a ƙara wani zubi: ƙungiyar da ta fi matsayi a tebur ita ke wucewa. Dokar ba ta da kwalliya, ba ta ba mai kyamara abin haskawa, amma tana gaya wa mahayi cewa makin da ya tsinta a wani daren sanyi na watan Afrilu zai iya yi masa rana a Satumba. Birtaniya ta gwada zubin zinare, inda ake ta ƙara zubi har sai wani ya sha gaba, sannan ta zo ga Super Heat. Da ni ake shawara, da na ce a bar canjaras a lig, a ɗauki dokar Poland a wasannin ƙarshe, a ajiye zubin raba gardama ga gasar kofi inda babu tebur da za a duba.

Yanzu ga inda maganar ta fi kauri: yadda ake haɗa ƙungiya. Kowane mahayi yana da matsakaicin maki. Ana raba makin da ya ci da yawan zubin da ya shiga, a ninka da huɗu. Wanda ya ci 10 a zubi biyar matsakaicinsa 8, mafi ƙololuwa kuma 12. Kafin kaka ta fara ana sa iyaka, a shekarun nan wajen maki 40, kuma jimillar matsakaitan mahayan ƙungiya ba za ta wuce ta ba. Niyyar mai kyau ce: kada mai kuɗi ya saye gwanaye duka ya bar sauran da ƙashi. Amma ku dubi abin da take haifarwa. Ƙungiya ta yi ƙoƙari ta ci kofi, yaranta sun ƙara ƙwarewa, matsakaitansu sun hau, jimilla ta zarce iyaka. Ladan nasararta shi ne dole ta sallami wasu. Yaron da magoya baya suka gani yana tasowa, suka saya masa taya da kuɗin aljihunsu, baɗi sai su gan shi da rigar abokan gaba, ba don yana so ba, don lissafi bai ba da dama ba. Daga nan kuma zargi ke fitowa, cewa wani na rage ƙoƙari da gangan idan kaka ta zo ƙarshe domin matsakaicinsa ya sauka ya sami gurbi baɗi. Ko da zargin ba shi da tushe, dokar da ta sa mutane tunanin haka ta riga ta yi ɓarna.

Mahayin aro ya fi wannan ɗaure kai ga baƙon wasan. Idan gwaninka ya ji rauni, doka ta yarda ka aro mahayi mai matsakaici kusa da nasa daga wata ƙungiya ta rukuninku, ya sa rigarka na dare ɗaya. Litinin yana ci maka maki, Alhamis yana yaƙarka. Wata hanyar kuma ita ce a raba zubin wanda ba ya nan tsakanin abokansa. Ga kuma masu riƙe ƙungiya biyu, ɗaya a Premiership ɗaya a Championship, wato rukuni na biyu, abin da ya zama ruwan dare. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma magoya baya na jin haka a jikinsu: wa kake yi wa tafi, ƙungiya ko riga?

Misalin da har yau ake tuna shi shi ne na 2022. Max Fricke na Belle Vue, ƙungiyar birnin Manchesta, ya ji rauni gab da wasannin ƙarshe, ƙungiyar ta ɗauko Robert Lambert, ɗaya daga cikin manyan mahayan Birtaniya, wanda bai yi mata kakar ba. Belle Vue ta doke Sheffield ta ci kofinta na farko tun 1993. 'Yan Manchesta na cewa doka ta halatta, kuma ba su suka jawo raunin ba. 'Yan Sheffield na cewa kofin kaka guda bai kamata ya rataya a kan wanda ya zo a makon ƙarshe ba. Duka biyun suna da gaskiya, domin laifin na dokar ne.

To me ya sa ba a soke waɗannan dokoki ba, tun da kowa na kuka da su? Amsar ita ce mahayan ba su isa ba. Sifidwe sana'a ce mai tsada da haɗari. Mahayi shi ke sayen baburansa, ya biya makaniki da mai gyaran inji, ya zuba mai a motar da ke kai shi gari-gari, kuma yawanci bisa makin da ya ci ake biyansa. Ƙungiya ɗaya ba ta ciyar da shi, shi ya sa yake neman biyu. Manyan kuma Poland ta janye su, inda ake cika filaye da dubban mutane, ake kuma biyan kuɗin da Birtaniya ba ta iya kusanta. Bartosz Zmarzlik, wanda ya mamaye kambun duniya tun 2019, a can yake cin kasuwarsa, kuma ko Tai Woffinden, ɗan Birtaniyar da ya ci kambun a 2013 da 2015 da 2018, ya yi shekaru yana wa Wrocław tsere ba tare da ƙungiya a gida ba. Mako ma an raba shi: Juma'a da Lahadi na Poland, Talata ta Swidin, Laraba ta Denmak. Abin da ya rage wa Premiership shi ne Litinin da Alhamis. Kulob ɗin da ya gina jama'arsa a kan daren Asabar, lokacin da uba ke zuwa da 'ya'yansa, an mayar da shi daren da gobe akwai makaranta da aiki. An sami taurari, an rasa yara.

Masu yin dokar kuma su ne masu kulob ɗin. Kowace shekara bayan an rufe kaka suke zama taron ƙungiyarsu su tsara ta baɗi, kowa da asararsa a zuciya. Wanda ke tsoron rufewa zai nemi a rage iyakar maki don ya rage kashe kuɗi, mai hali zai nemi a ɗaga. Abin da ke fitowa sulhu ne na shekara guda. Ko hawa da sauka tsakanin rukunai bai zauna ba. An gwada a 2017, Leicester da ta zo ƙarshe a babban rukuni ta kara da Sheffield zakarar rukuni na biyu, Leicester ta tsira, daga nan aka watsar. Yanzu aljihu ke zaɓar rukuni. Poole, wadda ta fi kowa tashe a shekarun 2000 da 2010, da kanta ta sauka Championship bayan kakar 2019. A Poland kuwa Unia Leszno ta ci kofi huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020, ta zo ƙarshe a 2024, ta faɗi, ba wanda ya ce a sauya doka dominta. Gasar da ke da masu jiran gurbi ce kaɗai ke iya yin haka.

Wannan ya kawo mu ga filaye, kuma a nan ne zuciya ke karaya. Yawancin kulob na Birtaniya 'yan haya ne. Ko suna zaune a filin tseren karnuka, ko a filin baje koli, ko a ƙasar da mai ita ya gano cewa gidaje sun fi babura kawo riba. Coventry Bees sun bar filin Brandon bayan kakar 2016, filin da aka fara tsere a cikinsa tun 1928. Swindon Robins sun ci kofin Premiership a 2019, kuma wannan ce kakarsu ta ƙarshe a filin Abbey da suka zauna tun 1949. Peterborough Panthers zakarun 2021 ne, ƙarshen 2023 aka raba su da filin baje kolin gabashin Ingila domin za a yi gine-gine. A shekarar ce kamfanin Entain, mai filin Monmore Green, ya sanar da Wolverhampton Wolves cewa filin zai koma na karnuka zalla. Birmingham ta biyo baya, ta rasa filinta na Perry Barr. Kafin su akwai Cradley Heath a 1995, da Wimbledon, da Reading, da Lakeside. Ku lura, cikin waɗannan akwai zakarun 2010 da 2016 da 2019 da 2021. Ba rashin iya tsere ya kashe su ba, kuma babu wata dokar raba gardama da za ta cece su. Wasu kuwa kuɗi ne ya yanke musu a tsakiyar kaka, kamar Rye House a 2018 da Newcastle a 2022, aka goge sakamakon wasanninsu daga tebur, wanda ya sha wahala ya ci su ya wayi gari makinsa ya tafi.

Kowane kulob da ya rufe yana rage wuraren da yaro zai koyi hawa, ƙarancin yara na ƙara buƙatar aro da riƙe ƙungiya biyu, ƙarancin ƙungiyoyi na mayar da tebur abin da ba ya tace kowa, sai masu gasar su nemo sabon abin jan hankali irin Super Heat don su riƙe wanda ya rage a kan benci. Shi ya sa nake ganin mai ƙorafi a kan zubin raba gardama da mai zanga-zangar ceto fili magana ɗaya suke yi, ko da ba su sani ba.

Ba duka labarin ne baƙi ba, kuma inda aka yi nasara akwai abin lura. Belle Vue ta koma sabon filin ƙasa na sifidwe a Gorton a 2016, wanda aka gina da hannun majalisar birnin Manchesta, ta ci kofi a 2022 da 2024. Oxford ta daina tsere a 2007, magoya baya suka ƙi yarda a rushe filin Sandy Lane, majalisar birni ta sa shi cikin wuraren da ake karewa, a 2022 babura suka dawo, har ta kai a 2024 garin na da ƙungiya a duka rukunai uku. Workington ta ci kofuna uku a 2018, ta rufe kafin kaka ta gaba, sannan ta dawo a 2023 a filin Northside da mutanenta suka gina. A duka ukun, abin da aka fara warwarewa shi ne wurin zama.

Coventry na tsakiyar wannan hanya. Masu filin Brandon sun nemi izinin gina gidaje, majalisar Rugby ta ƙi a 2022, suka ɗaukaka ƙara, aka kori ƙarar a farkon 2024. Magoya bayan da suka yi shekaru suna halartar zaman majalisa, suna tara takardu, suna biyan lauyoyi da karo-karo, sun hana a rushe shi. Amma hana gini ba ya tilasta wa mai fili ya buɗe ƙofa, kuma filin ya sha gobara da ɓarnar 'yan ta'adi a shekarun da ya yi a rufe. Yaron da aka haifa a garin a shekarar da Bees suka yi zubinsu na ƙarshe a can ya yi nisa a firamare, bai taɓa jin ƙarar injin a Brandon ba.